Shekarar da Muka Ja Waya a Ɗaki Mai Taya

Akwai magana biyu da ke yawo a tsakaninku, sun kuma dawo kunnena ta bakin jikokina, waɗanda ba a haife su da murfin baki ba. Ta farko, wai tirelar nan da ke ajiye a gindin darbejiyar bayan gida ni na ja mata waya, Babanku ya sha yabo a bagas. Ta biyu, wai ni na ɗaure wa taurin kansa gindi har aikin idonsa ya yi jinkiri. Ta biyun gaskiya ce, kuma ko yau aka mayar da ni waccan shekara haka zan sake yi. Ta farkon kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ni Balaraba da har gobe in ƙwan fitila ya mutu sai na leƙa maƙwabta neman mai canzawa, ina ni ina jan waya? Tunda labarin rayuwata ya kawo ni kan wannan shekara, bari in warware muku ita yadda ta faru.

Kun taso kun ga Babanku, Malam Habu, da filaya a aljihun gaba da salatif a yatsa. Rewaya ne, mai gyaran wayar mota, tun kafin ya aure ni, kuma da wuya ka sami direban da ke bin hanyar Kazaure zuwa Babura wanda motarsa ba ta taɓa yini a garejinsa ba. A waccan shekarar, rana tsaka, ya dawo gida ya ce ya bar wa yaransa gareji, wai bayansa ya gaji da sunkuyo. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma na san ba baya ba ne. Mutumin da na ɗaura zane kore ya ce shuɗin ya yi mini kyau, ya kuma tsiyaya shayi a gefen kofi yana ci gaba da hirarsa, ba bayansa ke ciwo ba. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Yana gane mutum, yana gane hanya, amma launi ya cakuɗe masa, ƙananan abubuwa kuma sun zama dishi-dishi. Ga mai sana'ar da jar waya aikinta daban, baƙa aikinta daban, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganar asibiti kuwa ba ya ko son jin ta, domin yana yaro ya ga yadda wani mai cire yana na kasuwa ya taɓa idon mahaifinsa, tsohon bai sake ganin hasken rana ba har ya koma ga Allah.

Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Ya kwance rediyon da lafiyarta ƙalau ya mayar, ya gyara ƙofar da ba ta yi ƙara ba, daga nan ya fara sa mini baki a gishirin miya. Ana cikin haka sai ya aika aka kira ƙaninsa, Baffanku Iro, mai walda, mai tsohuwar a-kori-kurar nan da ba ta tashi sai an yi mata addu'a. Kun san gonarmu ta gado da ke bayan Gwiwa, inda muke noma riɗi. Riɗi kuwa in an yanke an jingina shi ya bushe, dole a sami mai zama kusa da shi, in ba haka ba iska da awaki da masu dogon hannu su raba shi a tsakaninsu. Duk shekara bukkar kara ake kafawa a zauna da kunama da tururuwa har a kaɗe.

"Iro, ɗaki nake so mai taya," in ji Babanku. "Da gado, da fitila, da fanka. Ka ja mu ka ajiye a gona, in an kaɗe riɗi ka dawo da mu."

Baffanku ya juyo wajena yana washe baki, don tun ina amarya ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi tsiya ba.

"Matata, kin ji? Yaya zai gina miki ɗakin amarci, ni kuma in ja ku."

"Ka ja mu ina, kai da motarka sai an tura? Ka dai ce mu za mu ja ka."

Ashe da gaske suke. Iro ya samo ƙafafun baya na wata mota da ta daɗe da mutuwa, ya haɗa da bututun ƙarfe ya yi gindi, ya fitar da dogon wuya inda za a maƙala wa mota, ya tayar da ɗaki na katako da langa-langa. Malam ya ce a shigo da aikin filin bayan gida, wai yaran unguwa za su dame shi a waje. Ni na san idon manya yake gudu, ba na yara ba. Saura jan waya, aikin da ya ce ko Iro bai yarda ya taɓa masa ba.

A daidai wannan gaɓa ne Yayanku ya zo daga Kano. Kun san ba na kama sunansa, ɗan fari ne, mahaifinsa ke ce masa Babangida. Ya gaisa da Babansa a filin bayan gida, ya dawo ɗakina fuskarsa a ɗaure.

"Umma, idon Baba ya tafi fa. Na miƙa masa hannu sai da ya lalubo."

"Bai tafi ba, yana dai haramar tafiya."

"Ba wasa nake yi ba, Umma. Ku tattara ku dawo wurina. Ɗaki na nan, asibiti na kusa. Gonar a ba Baffa aro. Wannan keken kuma a bar shi haka nan. Mutumin da ba ya bambance ja da baƙi, shi zai haɗa waya ku shiga ku kwanta a ciki?"

Ban ga laifinsa ba, ƙauna ce ta sa shi, kuma a kan asibiti gaskiya ya faɗa. Amma tun yana magana na ji ƙarar gudumar bayan gida ta tsaya, na san maganar ta isa inda ba a aike ta ba. Ranar Babanku bai taɓa tuwon ba. Ni kuwa na zauna da mutumin nan tun ƙuruciya, na san in aka ɗauke shi daga gidansa da aiki a kwance bai ƙarasa ba, zai je Kano ya zauna a kan tabarma ne, ko an gyara idon ba zai sake miƙewa ba. Tsoron wannan ya fi mini tsoron yanar. Da Yayanku ya zo sallama na ce masa:

"Ka ba ni zuwa yankan riɗi. Ka dawo ka ga fitilar da idonka. In ba ta kama ba, ni da hannuna zan ɗaure masa kaya."

Ya tafi ransa a ɓace. Daminar nan kaf gaisuwarsa ta bakin matarsa take iso ni, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ban dai nuna ba.

Washegari da hantsi na ɗauki kujera 'yar tsugune da farantin wake na koma filin bayan gida, wai iskar can ta fi daɗin tsinta. Na tarar da Malam zaune da wayoyi a cinya, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har kan hancinsa. Ban ce masa ba ka gani ba, wannan kalma ba ta taɓa fitowa daga bakina ba. Cewa na yi:

"Kai, wannan jar ta yi kyau, kamar ɗankwalin da ka sayo mini da Sallah."

"Wace jar?"

"Ta hannunka na dama mana."

"Ai na gani," in ji shi, ya ajiye ta gefe guda.

Haka muka yini ina yabon wayoyi kamar mai tallarsu. Sai dai dabarar ba za ta kai mu ko'ina ba, don wayar in ta shiga cikin bututu ta ɓullo ta can baya, shi yana kwance a ƙarƙashi, ni ina bakin murhu, wa zai yaba masa? Sai na ce masa ni fa wayoyin nan rikita ni suke yi, ko zai bari in ɗaura musu alama don in riƙa ganewa. Ya ce in dai don ni ne, in ɗaura. Na ɗauko zaren ɗinkin hula. Wayar birki na ɗaura mata wuri, irin na kuɗin da, a kowane baki. Siginar dama maɓalli, ta hagu ƙullin tsumma. Ta fitilar baya na sa mata zoben roba. Saura fara, wadda yake kira uwar wayoyi. Ya ce ita ake ɗaure wa jikin ƙarfen tirelar da noti, ta nan wuta ke komawa gida, in ta sami matsala duk sauran sai su haukace. Ita ba baki biyu gare ta ba, akwai ta a wuya, akwai ta a gindin kowace fitila, don haka alamarta sai an sami abu iri ɗaya da yawa, wanda hannu ba zai ɗauke shi a wani abu ba.

Na birkice gidan nan ban samu ba. Maɓallan sun ƙare, wurin ma da ƙyar na haɗa. Can a ƙasan akwatina na ci karo da tsohuwar jigidata ta amarci, baƙa, ƙunshe a tsumma. 'Ya'yana maza, ku kawar da kai a nan, ba zan daɗe ba. Na zauna na dube ta, na ce wa raina ai shekara da shekaru tana kwance ba ta tsinana wa kowa komai ba. Na sa reza na tsinke ta, na shirya 'ya'yan kaɗan-kaɗan a zare, na ɗaura wa kowane bakin farar waya. Da na miƙa masa ya murza su a tsakanin yatsunsa, ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Ya yi." Ban ga komai a fuskarsa ba, na ce alhamdu lillahi, bai gane ba.

Daga nan aikin ya zama nasa, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Ni dai riƙe masa bakin waya nake yi da miƙo salatif. Shi ya ce ba za a bar waya tsirara ba, ɓerayen gona sun fi na gari yunwa, don haka ya zura su duka a cikin tiyo. Da tiyon ya ƙi wucewa ta cikin bututun ƙarfe na ce a yi masa yadda ake zura mazagi a wando, aka ɗaura shi a bakin doguwar waya mai ƙarfi aka ja, wannan kaɗai ce shawarar da zan yi tutiya da ita. Duk ramin da waya za ta ratsa sai ya bi bakinsa da yatsa, in ya ji kaifi ya goge, ya yanko tsohon tub na taya ya naɗe. Ya ce hanyar Gwiwa duwatsu ce, girgiza za ta sa ƙarfe ya yi ta cin waya a hankali har ya kai ga jan ƙarfen ciki, kuma irin wannan ne ke tayar da gobara. Ya yanka langa-langa sirara ya lanƙwasa, ya maƙale tiyon a jikin gindin tirelar, yana auna tazara da tafin hannunsa, ba inda ya bari yana lilo, ba kuma inda ya matse shi har ya shaƙe. A wuya ya bar sassauci, ya ce kamar igiyar akuya ce, in ta yi gajarta ta tsinke a kwana, in ta yi tsawo ta ja ƙasa. A cikin ɗaki ya sa batir a akwati ƙarƙashin gado, da fis kusa da shi, Iro ya ɗora sola a rufi, aka ja wa ƙwan fitila da fanka da wurin cajin salula. In ya gama layi guda ya taɓa da batir, ni in ce ta kama, shi kuma ya dafa ƙwan ya ji ɗuminsa kafin ya yarda da ni. Cin tuwonsa ya dawo, ya kuma sakar mini gishirin miyata.

Riɗi ya nuna, Yayanku ya aiko cewa yana tafe. Ana gobe zai zo, mun tafi gaisuwar rasuwa Roni, Baffanku Iro ya ga ba za a tari baƙo daga Kano da ƙarfe mai tsatsa ba. Ya kwaso ragowar koren fentin shagonsa ya shafe tirelar nan ciki da bai, har ƙarƙashi. Muka dawo muka sa masa albarka.

Yayanku ya iso da hantsi cikin farar shadda. Aka tura a-kori-kura ta tashi, aka maƙala tirela, aka haɗa waya. Maƙwabta sun cika bakin ƙofar baya. Malam ya tsaya ya goya hannu, ya ce Iro ya taka birki. Iro ya taka. Fitilar birki ta yi wani ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, siginonin nan biyu suka kama ƙyafta ido tare, ba wanda ya taɓa su. Ya kunna siginar dama, sai fitilar baya ta shiga rawa. Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. Yayanku ya juyo ya kalle ni. Na fara tunanin wace jaka zan zuba kayan Malam.

Sai na ji muryarsa, a gaban kowa, ba ɓoye-ɓoye:

"Balaraba, ni ba na gani sosai. Faɗa mini abin da suke yi."

Na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sai ya yi murmushi.

"Iro, da ka zo fenti, ka taɓa notina?"

"Kwance su kawai na yi, Yaya, don kada fenti ya ɓata kwalliyar da matata ta ɗaura. Na shafe wurin tas, na mayar na ɗaure tam."

"Ka kyauta. Ka raba uwa da 'ya'yanta. Babangida, tuɓe babbar rigar nan ka biyo ni da sifana."

Suka kwanta a ƙasa su biyu. Yayanku ne ya ba ni labarin abin da ya gani daga baya. Ya ce Baba rufe idonsa ma ya yi, hannunsa ya bi tiyo ya wuce wuri, ya wuce maɓalli, ya tsaya cak a kan baƙaƙen 'ya'yan nan. Ya kwance notin, ya sa wuƙa ya kankare fentin da ya hana wuta wucewa har ƙarfe ya fito fari, ya mayar. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga wuya har gindin fitilu, bai yi kuskuren ko guda ba. Daga ƙarƙashin ya ɗaga murya ya ce a taka. Fitilun birki suka kama jawur, siginar dama ta yi aikinta ita kaɗai, ta hagu ma haka. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da rabona da guɗa tun bikin autarku.

Suka fito, shaddar Yayanku ta zama koriya a baya, idonsa ya cika da ƙwalla. Babanku ya dafa kafaɗarsa.

"Idona ya yi rauni, na sani, kuma na gode da ka damu. Ka bar ni in kaɗe riɗina, in na dawo ka kai ni asibitin naka. Amma zuwa zan yi a gyara in dawo gidana."

"Na yarda, Baba," in ji shi. Ya juyo ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwar da na yi damina guda ina jira.

Zaman gonar nan kuwa ban taɓa jin daɗin kaka irinsa ba. Fanka na kaɗawa, ba kunama, ba tururuwa. Makiyaya suka gano akwai wurin caji, kullum sai mun tashi da ƙwaryar nono a bakin ƙofa. Matan ƙauyen suka riƙa zuwa kallon gidan Habu mai tafiya, ni kuma ina zaune a bakin gado ina karɓar gaisuwa kamar wadda ta dawo daga Makka. Da aka kaɗe riɗi Babanku ya cika alkawari. Likita ya ce jinkirin ya sa yanar hagu ta yi tauri, kuma har yau wannan idon bai washe kamar na dama ba. Wannan shi ne abin da shawarata ta ci, ban ɓoye muku ba.

Ranar da ya dawo gida da idonsa, kafin ya sha ruwa filin bayan gida ya nufa. Ya zagaya tirelar ya ce ashe kore iri biyu Iro ya shafa, shi ya sa mutanen Gwiwa ke dariya. Sannan ya durƙusa yana leƙen aikinsa. Na tsaya a kansa da reza a hannu.

"Malam, tunda yanzu kana ganin launi, bari in yanke tarkacen nan, kada wata rana jikoki su tambaye ni mene ne."

"Wane tarkace?"

"Wurin nan da maɓallai, da, da sauran."

Ya kai hannu ya murza baƙaƙen 'ya'yan nan, bai ko dube su ba.

"Balaraba, kina tsammanin sai da likita ya buɗe mini ido na gane ta? Ni na sayo ta a kasuwar Babura, a hannun wata 'yar Nijar, saura kwanaki ki tare. Tun ranar da kika sa mini ita a hannu na san ta."

Kunya ta kama ni kamar yarinya, na ja mayafi na rufe fuska.

"To me ya hana ka magana?"

"Ke da kika yi damina guda kina yabon jar waya ba ki ce mini makaho ba, ni ne zan tona ki?"

Na mayar da rezar ɗaki. Suna nan a ɗaure har yau, kuma duk kaka sai Iro ya ja mu Gwiwa, bayan mun tura motarsa. Mai shakka a cikinku ya je gindin darbejiya ya durƙusa ya leƙa. Wayar da maƙalanta duk aikin Babanku ne. Abin da ke ɗaure a bakin farar wayar nawa ne, kuma ban yarda kowa ya taɓa ba.